Yoyon fitsari: kujerar maganaɗisu ba ta ɗinke huji

Tun ƴan shekarun nan akwai wata talla da ke yawo cikin wayoyin hannu, ta Facebook da WhatsApp, ba ta kuwa bar jihar Agadas a baya ba. Ana nuna mace zaune bisa wata kujera mai faɗi, da tufafinta cif, tana karatun jarida hankali kwance, a ƙasan hoton kuma an rubuta cewa maganin zubar fitsari ya samu, ba wuƙa, ba allura, ba kwanciya gidan likita. Wannan kujera ba tatsuniya ba ce. Tana nan a gidajen likita na kuɗi cikin manyan biranen Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma akwai matan da suka ga amfaninta. Amma kafin wani magidanci ya sayar da raƙuminsa, ko ya jinginar da garkarsa ta albasa, domin ya kai iyalinsa wata ƙasa neman wannan kujera, ya kamata jama'a su san wace cuta take yi wa magani, wace ce kuma ba ruwanta da ita.

Tushen rikicin cikin harshe yake. Likita in yana magana da Faransanci kalmomi biyu gare shi, «incontinence» da «fistule», ba ya kuwa haɗa su. Mu da Hausa, a rediyo da kasuwa da zauren mai unguwa, duk macen da fitsari ke zubo mata ba da sonta ba, sai mu ce tana da yoyon fitsari. Saboda haka wanda ya juya tallar nan zuwa Hausa ba tare da lura ba, cewa zai yi an sami kujerar da ke warkar da yoyon fitsari, ita kuwa baiwar Allah da ta shekara uku a bukkar bayan gida tana jiƙa tabarma za ta ɗauka da ita ake, alhali ba da ita ake ba.

Ga inda bambancin yake. A ƙasan ƙugun mutum akwai wasu tsokoki shimfiɗe kamar ragaya, su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma ke taimakon bakin mafitsara ya rufe. Yawan haihuwa, da tsufa, da ƙiba, da tarin da ya daɗe, da ɗaukar kaya masu nauyi, duk sukan sa waɗannan tsokoki su saki. In sun saki, sai mace ta riƙa ganin ɗigon fitsari in ta yi tari ko atishawa, ko ta yi dariya, ko ta ɗaga tulu. Wata kuma fitsarin ne ke matsa ta kwatsam, kafin ta kai makewayi ya riga ya zubo. Maza ma sukan gamu da haka, musamman dattawan da aka yi wa aikin mafitsara. Cikin duk waɗannan, mafitsara lafiyarta lau, ba ta huje ba. Kamar salka ce wadda ɗaurin bakinta ya yi sako-sako.

Cuta ta biyu kuwa, salkar ce ta huje. Mace takan kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan ɗa ya tokare da ƙashin ƙugu ya kasa wucewa, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai masa. Naman nan sai ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya ruɓe ya faɗi, ya bar huji. Daga ran nan fitsari ba ya tsayawa, dare da rana, tana zaune ko tana kwance. Cikin irin wannan haihuwa goma, wajen tara ɗan ba ya zuwa da rai. Wata har bayan gida ke biyo ta nan, wata kuma ƙafa ta mutu mata ta riƙa jan ta. Ban da doguwar naƙuda akwai yankan gishiri na wanzamai da tsofaffi: a babban asibitin jami'a na Zariya, cikin mata 1443 da aka duba daga 1969 zuwa 1980, kashi 13 cikin 100 wannan yanka ne ya huda su. Wani lokaci kuma wuƙar likita ce ke kuskure wajen aikin fid da ɗa.

Yadda kujerar take aiki

Ilmin da aka gina kujerar a kansa tsoho ne. Tun 1831 wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa in ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa da sauri, yakan haifar da lantarki cikin abin da ke kusa da shi. A ƙarƙashin mazaunin kujerar an naɗe waya, ana sakar mata wuta ana ɗaukewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin da ke tashi daga nan yana ratsa tufa da fata, ya taɓa jijiyoyin ƙasan ƙugu, su kuma su sa tsokoki su matse su saki, ba tare da mai zaman ta yi wani yunƙuri ba. A taƙaice, motsa jiki ne da inji ke yi wa mutum.

Kujerar farko, mai suna NeoControl, ta sami izinin hukumar kula da magunguna ta Amurka a 1998. Shekara guda bayan haka likita Niall Galloway na birnin Atlanta ya bayyana abin da ya gani: zaman minti 20, sau biyu a mako, har mako 6, kuma cikin mata 50 da aka bi sawunsu fiye da wata uku, kimanin ɗaya cikin uku ta bushe sarai. Labari mai daɗi, sai dai ba a gwada su da wasu matan da ba a yi wa maganin ba, likitoci kuwa sun san cewa mai ciwo in ta ga ana kula da ita takan ji sauƙi ko da ruwan randa aka ba ta. Don haka a Niw Zilan aka sake gwaji a 2009 da mata 70, rabi bisa kujerar gaske, rabi bisa ta bogi mai ƙara kawai, ba wadda ta san wace ce tata. Da aka auna, in an haɗa su duka, kujerar gaske ba ta fi ta bogi ba; waɗanda kaɗai suka nuna bambanci su ne matan da tun farko ba su iya matse tsokar da kansu. A Maleziya kuma, a 2017, da wata kujera dabam da mata 120, sakamakon ya juya: 45 cikin 60 na kujerar gaske sun sami sauƙi bayan wata biyu, na bogi kuwa 13 cikin 60.

Wadda aka fi tallatawa yau ita ce Emsella ta kamfanin BTL. Zama ɗaya minti 28 ne, akan yi zama 6 cikin mako uku, kamfanin kuma na cewa kowane zama daidai yake da matsa tsoka sau fiye da 11 000. Wannan lissafin mai kaya ne, mai kaya kuwa ba ya kushe kayansa. Ya kamata kuma a sani cewa irin izinin da Amurka ke bai wa waɗannan injuna yana nufin sun yi kama da wani injin da ya riga su shiga kasuwa, ba wai an tabbatar sun fi sauran magunguna ba. Ba kowa ke hawanta ba: an hana mai ciki, da mai ƙarfe a ƙugu, da mai injin bugun zuciya, da wadda aka sa wa abin tazarar haihuwa na jan ƙarfe cikin mahaifa. Sauƙin da aka samu kuma yakan ragu da tafiyar watanni, sai an koma an sake zama.

Sai maganar kuɗi. A Amurka zama ɗaya yakan kai wajen dalar Amurka 300, wato sama da jika 160 na sefa, zama 6 kuwa ya tasam ma miliyan guda. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jika 42 ne a wata. Ke nan albashin lebura na wajen shekara biyu zai tafi cikin mako uku, ban da kuɗin mota da masauki da abinci a baƙon gari.

Abin mamaki, aikin nan da kujera ke yi da tsada, mace tana iya yin sa da kanta kyauta. Tun 1948 likita Arnold Kegel ya koya wa matan Amurka yadda za su matse tsokar ƙasan ƙugu, kamar mai riƙe iska cikin taro, su riƙe ɗan lokaci, sannan su saki. Hukumar tsara hanyoyin magani ta Ingila ta ce a fara da wannan kafin komi: aƙalla matsa 8, sau uku a yini, har wata uku, a ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin. Da aka tattara gwaje-gwaje 31 a 2018, aka ga cewa cikin matan da fitsari ke ɗigo musu wajen tari ko ɗaga kaya, fiye da rabin waɗanda suka yi wannan motsi sun ce sun warke, waɗanda ba su yi ba kuwa 6 kacal cikin 100. Babu kujerar da ke da shaida mai nauyin wannan. Wahalarsa guda ce, yana son haƙuri da mai koyarwa, domin mata da yawa in an ce su matse, yunƙuri suke yi, abin ya ƙara lalacewa. Ungozomar da aka horar tana iya koyar da shi a wurin awon ciki. Wadda fitsari ke matsa kwatsam kuwa, mu mutanen Abzin sai mu yi haƙuri da jin wannan: shayinmu mai kauri, kofi na ɗaya da na biyu da na uku, yana cikin abin da ke tsokanar mafitsara, rage shi kuma yakan kawo sauƙi.

Inda ciwon yake a jiharmu

Duk abin da aka faɗa a sama na salkar da bakinta ya saki ne. Wadda ta huje, ko ta shekara bisa kujera, ba abin da zai sauya, domin maganaɗisu tsoka yake motsawa, ba ya tsiro da naman da ya faɗi. Ita ce kuwa cutar da ke raba aure, ta hana mace kasuwa da biki da zaman makoki saboda zarni, ta sa ta rage shan ruwa don kada ta jiƙe, cikin zafin da kowa ya sani na watan Mayu a Agadas, har duwatsu su taru mata a mafitsara, ƙoda ta lalace. Wasu ma sukan bar salla suna zaton ba su da tsarki, alhali malaman Malikiyya sun sauƙaƙa wa mai irin wannan lalura, sun so ne kawai ta riƙa sabunta alwala ga kowace salla.

In ana maganar wannan cuta a ƙasarmu, auren wuri ake fara ambata, kuma da gaskiya: ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Amma jihar Agadas tana cikin waɗanda abin ya fi sauƙi, nesa da abin da ake gani a Maraɗi da Damagaram. Namu ciwon nisa ne. Jihar ta fi murabba'in kilomita 667 000, wato fiye da rabin Nijar baki ɗaya, mutanenta kuwa a ƙidayar 2012 ba su cika rabin miliyan ba. Daga Timiya zuwa Agadas ya fi kilomita 200 cikin duwatsu da ƙoramu, daga Arlit wajen 240, daga Bilma wajen 600 cikin rairayin Tenere. Mace mai shekara talatin, mai ƴaƴa biyar, in ɗa ya zo mata a gicciye tana can rugga, ƙugunta mai faɗi ba zai cece ta ba, abin da zai cece ta mota ce. Gwamnati ta mai da aikin fid da ɗa kyauta tun 2005, awon ciki a 2006, a watan Satumba na 2024 kuma aka rage kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. Wannan duka abin yabo ne, amma kyautar tana jiran wadda ta iso ƙofa ne. In kuma hujin ya riga ya auku, cibiyoyin da suka yi suna wajen ɗinkinsa suna kudu: cibiyar ƙasa ta Yamai, wajen kilomita 950 daga nan, da Damagaram, wajen 450, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012.

Akwai dai maganin huji wanda ba na wuƙa ba, ba a kuwa taɓa ganin tallarsa a waya ba, don ba mai samun riba da shi. Robar fitsari ce, wadda ma'aikatan likita ke kira sond. In aka sa ta da wuri, tun hujin yana ɗanye kuma ƙarami, fitsari sai ya bi roba, mafitsara ta zauna ba komi ciki, bakin raunin ya haɗu ya warke da kansa. Akan bar ta mako 4 zuwa 6, mace tana shan ruwa wajen lita 5 a yini, tana zama cikin ruwan gishiri mai ɗumi. Wanda ya fito da ƙimar wannan hanya shi ne likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, wanda ya zo asibitin Babbar Ruga na Katsina aikin kutare a 1983, ya koma ɗinkin mata, ya horar da likitoci da dama na Najeriya da Nijar. A 2004 ya ba da lissafin mata 1716 da suka zo masa da sabon huji: wajen 15 cikin 100 roba kaɗai ta rufe musu shi, ba a taɓa su da wuƙa ba. Haka nan macen da ta sha doguwar naƙuda, in aka bar mata roba kamar mako biyu tun kafin yoyo ya bayyana, ana iya hana shi aukuwa. Kuɗin robar bai kai na buhun gero ba, ba ta son wutar Anu Araren, ba ta tsoron ƙura, kuma ma'aikacin ƙaramin gidan likita na Iferuwan ko Ingal yana iya sa ta in an koya masa. Sharaɗin guda ne, a zo da wuri. In an yi watanni bakin hujin ya ƙandare, sai ɗinki.

To, ashe kujerar ba ta da wani gurbi ke nan a wannan fage? Akwai wuri guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Likitocin ɗinki suna rufe mafi yawan hujin da ya zo hannunsu, amma rufe huji dabam, bushewa dabam. Mata da dama, a wasu cibiyoyi har ɗaya cikin uku ko huɗu, sukan koma gida huji a rufe, fitsari kuwa yana ɗigo, saboda naƙudar ta cinye bututun fitsari, ko ta ƙanƙance mafitsara, ko ta mai da tsoka tabo. Ga likita an yi nasara, ga mijinta da kishiyoyinta ba abin da ya sake. Waɗannan mata su ne marayun wannan yaƙi, ba a cika jin labarinsu ba a jawaban ranar 23 ga Mayu, ranar da duniya ta keɓe wa cutar tun 2013. Wasunsu, waɗanda tsokarsu ke da sauran rai amma ba su iya motsa ta, sun yi kama da matan nan na Niw Zilan da kujera ta taimaka wa. Sai dai gwaje-gwajen da muka ambata duka a kan matan da ba su taɓa hujewa ba aka yi su, tabo kuwa ba ya matsewa ko da wane ƙarfi aka buga masa. Abin da aka riga aka gwada kusa da mu shi ne hannun mai koyar da motsa jiki, wanda ake kira kine: a asibitin Tangiyeta na arewacin Benin an koya wa mata motsin ƙugu da yadda za su ɗaga kaya, kafin ɗinki da bayansa, aka ga warkewarsu ta ƙaru. A ganina, in har wata rana za a shigo da kujera ƙasar nan don irin waɗannan mata, wurinta cibiyar gwamnati ce, inda za a auna tsumman kowace mace kafin zama da bayansa, a rubuta, a bayyana wa jama'a sakamakon ko mai daɗi ne ko mara daɗi. Amma a sayi inji ana rasa kine, wannan gini ne daga rufi.

Game da nisa kuma, ƙasarmu tana da nata darasi. A yankin Bankilare na jihar Tilaberi, inda makiyaya ke warwatse kamar namu, ma'aikatar kiwon lafiya da ƙungiyar HDI sun fara wani aiki a 2008. Aka zaɓi masu sa kai a kowane ƙauye, maza da mata, aka ba su doka guda wadda ba ta bukatar karatu: kada rana ta fito sau biyu mace tana naƙuda. In ta kai haka, a buga waya, mota ta zo ta kai ta asibitin Tera. Cikin shekara uku mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 630 zuwa 170 cikin haihuwa 100 000, kuma aka yi watanni bisa watanni ba a sami sabuwar mai huji ba. Abzin ya fi Bankilare faɗi da duwatsu, waya ba ta kama ko'ina, amma a nan ma akwai sarakunan ƙabilu da limamai da masu motocin albasa da ke hawa da sauka, kuma mace mai ciki na wata tara ana iya kawo ta kusa da gidan haihuwa tun kafin ciwo ya tashi.

Abin da ya rage wa magabatan kiwon lafiya shi ne su riga kasuwa. Duk wanda zai tallata irin wannan kujera da Hausa ko Tamajak, a tilasta masa ya faɗa a fili cewa ba ta maganin huji. Kuma kada a karɓi ko dala ɗaya ta mace mai zubar fitsari sai an yi mata gwajin da ke raba gardama, wanda ba ya ɗaukar fiye da ƴan mintoci: a sa roba, a ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara, a duba. In shuɗin ya ɓullo ta hanyar haihuwa, huji ne, a rubuta mata takarda zuwa wurin masu ɗinki. In bai ɓullo ba kuma tana jiƙewa dare da rana, musamman bayan aikin fid da ɗa, likita ya duba bututun da ke saukowa daga ƙoda, don shi ma yakan huje. In duka biyu lafiya suke, sai a haɗa ta da ungozoma, ta koya mata motsin ƙugu, a ba ta ranar dawowa bayan wata uku.